Ɗaukar 'Yan Jami'a Aiki a Kebbi: Inda Ake Samunsu da Inda Ake Tuntuɓe

Mai injin casar shinkafa a Argungu, ko mai makarantar kuɗi a Jega, ko mai asibiti a Birnin Kebbi, in ya fitar da sanarwar neman ma'aikaci ɗaya mai digiri, abin da ke biyowa baya sananne ne. Kafin sati ya zagayo takardu sun cika kwali, waya ba ta hutawa, kuma rabin masu kiran ba su ne masu neman aikin ba, iyaye ne da kawunnai da abokan kasuwanci. Ƙarshenta a ɗauki wanda ƙafarsa ta fi tsawo, bayan wata huɗu kuma a soma ƙorafin yaran yanzu ba su iya komai ba. Kuskuren tun daga tushe yake: an zaɓi mutum ba tare da an taɓa ganin hannunsa a kan aiki ba. Alhali akwai hanyoyi biyu da gwamnati ta daɗe da shimfiɗawa, wato karɓar ɗaliban sanin makamar aiki da masu bautar ƙasa, waɗanda za su ba ka damar kallon matashi yana aiki wata huɗu, ko shida, ko kusan shekara, kafin ka ɗaura wa kanka albashinsa na dindindin.

Kafin a kai ga nan, zauna ka rubuta aikin da kake son a yi, a shafi ɗaya. Ban da irin rubutun "muna neman matashi mai hazaƙa da riƙon amana", wanda ba ya tace kowa. Rubuta abin da mutumin zai yi daga safe zuwa yamma: zai karɓi shanshera a sikeli, ya auna danshinta, ya shigar da lissafi a kwamfuta, ya miƙa rahoto ga manaja kowace Asabar. Idan ka gama, sau da yawa za ka tarar aikin mai babbar difloma yake nema, ko mai NCE, ba mai digiri ba. Wanda zai kula da janareto da tukunyar turara shinkafa, ɗan kwalejin fasaha da ya saba da bita ya fi dacewa da shi. Idan ka sa mai digiri a aikin da yake gani ya fi ƙarfinsa, jikinsa na wurinka, hankalinsa na kan shafin ɗaukar ma'aikatan kwastam.

Makarantun da ke kusa da kai

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda jiha ta kafa a 2006, tana yaye ɗaliban noma, kimiyya, injiniyanci da koyarwa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake wajen Kalgo, nan ake samun 'yan akanta, tattalin arziki, sha'anin kasuwanci da kimiyyar kwamfuta. Akwai Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da ta jiha a Dakingari, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da ta kimiyyar lafiya a Jega. Kada kuma a manta da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kebbi sai a 1991 ta fita daga tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma har gobe ɗimbin 'ya'yan Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru can suke karatu.

Yawancin masu ma'aikatu in sun je makaranta ofishin shugaban jami'a suke nufa da wasiƙa. Wasiƙar za ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har buƙatar ta wuce. Mutum uku ne suka san ɗalibai da gaske: shugaban sashe, jami'in jarrabawa na sashen, da malamin da ke duba firojet ɗin 'yan aji na ƙarshe. A sassan kimiyya da injiniyanci ƙara da na huɗu, wato ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ko na bita, domin shi ya san wanda ke taɓa na'ura da hannunsa da wanda ke tsayawa baya yana kwafar sakamakon abokai. Ka kai wasiƙar ta hanyar da ta dace, amma ka je sashen da ƙafarka. Kuma kada ka ce "a ba ni wanda ya fi kowa maki". Ce musu: "Malam, in kai ne za ka bar wa ɗalibi shagonka sati biyu ka yi tafiya, su wane ne mutum biyar ɗin da za ka zaɓa?" Sunayen da za su fito ba lallai su yi daidai da jerin maki ba.

Ƙofa ta farko: ɗaliban sanin makamar aiki

Shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ke kula da shi tun shekarun 1970, shi ne ke tura ɗalibai masana'antu da ofisoshi su koyi aiki a aikace. Ɗaliban jami'a a fannin kimiyya galibi suna fita a aji uku, na injiniyanci a aji huɗu, kuma sukan yi wata shida. 'Yan ƙaramar difloma suna yin wata huɗu bayan shekarar farko. Sai kuma rukunin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi amfani ga ƙaramar ma'aikata: wanda ya gama ƙaramar difloma ana buƙatar ya yi shekara guda yana aiki kafin a karɓe shi babbar difloma. Wannan shekara ce cur, babu lacca, babu jarrabawa, kuma shi ke neman inda zai yi ta. Mai makaranta kuwa nasa rabon yana cikin ɗaliban koyarwar gwaji da kwalejin ilimi da tsangayoyin ilimi ke turawa.

Tsarin ba shi da wuya. Ɗalibi zai zo da wasiƙa daga ofishin SIWES na makarantarsu, kai kuma ka ba shi takardar amincewa mai hatimin ma'aikatarka. Zai cike fam ɗin fara aiki ya kai ofishin ITF. Yana da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, wanda ma'aikacinka da ke kula da shi zai sa wa hannu duk ƙarshen mako. Malami zai zo daga makaranta duba shi, a ƙarshe kuma akwai wani fam da ake kira fam na takwas, wanda za ka cike ka buga hatimi. Idan ba ka son jiran wanda ƙaddara ta kawo, rubuta wa ofishin SIWES wata biyu kafin lokacin fitarsu, ka faɗi mutum nawa kake so, daga wane sashe, da aikin da za su koya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗaliban kirki su ne ke fara samun wuri. Ka riƙa tuntuɓar ofishin a kan ranakun, domin yajin aiki ya hargitsa kalandar jami'o'i: na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, kuma kowace makaranta da yadda ta gyara tata.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na farko, a karɓi ɗalibi goma a ofishin da kujera uku ce, su wuni ƙarƙashin dalbejiya suna latsa waya. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce ɗalibi biyu ga kowane gogaggen ma'aikaci ɗaya. Na biyu, a mayar da su 'yan aike, sayo ruwa, kai fayil, share ofis. Wanda ya yi wata shida yana sayo ƙosai ba abin da za ka sani game da shi sai saurin ƙafarsa. Na uku, kuma shi ya fi muni, a sa hannu a littafin wata shida rana ɗaya ga ɗalibin da bai zo ba, don ubansa sananne ne. Sauran ɗaliban suna gani, kuma labari zai koma makaranta cewa wurin wane hatimi kawai ake zuwa karɓa. Daga nan masu neman hatimi ne za su riƙa zuwa maka.

Ka ba kowane ɗalibi aiki ɗaya da zai zama nasa, mai farko da ƙarshe. Misali, ya tattara bayanin sau nawa inji ya tsaya cikin wata uku, da dalilin kowace tsayawa, da awowin da aka yi asara, ya gabatar a gaban manaja cikin minti goma. Ka kuma ba shi kuɗin mota da na abincin rana. Alawus ɗin da gwamnati ke biya ta hannun ITF ƙalilan ne kuma ba ya zuwa a kan kari, ɗalibin da ke hawa kabu-kabu daga Badariya ko Gesse kullum da kuɗin aljihunsa zai soma fashi tun a wata na biyu, ba don lalaci ba. Wanda ya burge ka, kada ka bari zumunci ya yanke: ka kira shi lokacin hutu, in ya yiwu ka ba shi matsalar ma'aikatarka ya yi firojet ɗinsa a kai.

Ƙofa ta biyu: masu bautar ƙasa

Hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, tana kawo masu digiri da masu babbar difloma jihar rukuni-rukuni cikin shekara. Suna yin sati uku a sansanin horo na Dakingari, ranar fita a miƙa wa kowa takardar inda zai yi aiki. Idan kana so a turo maka, rubuta wa shugaban hukumar na jiha, ka bi ta hannun sufeton ƙaramar hukumarku, kuma wasiƙar ta isa kafin a buɗe sansani. Ka faɗi fannin da kake so da adadin mutane, da abin da za ka ba su na masauki da alawus. Wanda ya rubuta "a turo mana masu bautar ƙasa biyu" kawai, kada ya yi mamaki in mai digirin tarihi ya iso ɗakin gwajin jini.

Idan wanda aka turo bai dace ba, ka ba shi takardar ƙin karɓa a ranar, domin a sake masa wuri. Riƙe shi sati uku kana jan ƙafa zalunci ne. Idan ka karɓa, ka san cewa yana da rana ɗaya a mako ta aikin raya al'umma wadda ba taka ba ce, kuma duk wata zai buƙaci takardar shaida daga gare ka kafin a tantance shi a biya shi alawus. Wannan takarda ita ce linzamin da ke hannunka. Akwai masu zuwa da tayin a riƙa sa musu hannu su koma garinsu, wani lokaci har da alkawarin raba alawus da wani ma'aikacinka. Ka sa ido a kan wanda ke sa hannun.

Masauki shi ne abin da ya fi kawo rabuwa. Yarinyar da ta taso daga Enugu ko Ibadan ta sauka Birnin Kebbi a watan Afrilu, aka nuna mata ɗaki mai kwano babu silin, babu fanka, babu ruwa kusa, washegari za ta fara neman a sauya mata jiha. Ɗaki mai ƙofa da makulli, da banɗaki mai tsafta, da wuta ko sola, ya fi ƙarin alawus tasiri. A haɗa baƙo da ma'aikaci ɗaya da zai nuna masa kasuwa da asibiti da wurin ibadarsa, ya kuma gaya masa abin da gari ba ya so ta fuskar sutura da mu'amala tun kafin ya yi kuskure.

Sai dai a san wani abu. Tsarin bautar ƙasa yana tura mutum jihar da ba tasa ba, don haka mafi yawan waɗanda ke hannunka baƙi ne, kuma da yawansu za su koma gida ranar da suka karɓi satifiket. Masu zama su ne waɗanda aka yi wa magana da wuri. Wata uku kafin ya gama, kira wanda kake so ka gaya masa albashin da za ka ba shi, a rubuce. Idan ka bari sai ranar sallama, ya riga ya sayi tikitin mota. Akwai kuma rukuni biyu da suka fi zama: matan aure da hukumar ke bari su yi hidimarsu a jihar da mazajensu suke, da 'yan asalin Kebbi da suka yi tasu a wata jiha suka dawo gida. Na biyun nan ta hannun malamansu na sashe da zaurukan WhatsApp na 'yan ajinsu ake samunsu.

Idan sai an yi sanarwa

Wani lokaci buƙata ba ta jira. To sanarwar ta ƙunshi sunan ma'aikata da garin da za a yi aikin, da aikin kansa, da albashi ko iyakarsa ta ƙasa da ta sama, da ranar rufewa. Kwana goma zuwa sati biyu ya isa. Ɓoye albashi ɓata lokacin kowa ne, ka tace mutum sittin ka zaɓi ɗaya, ya ji adadin ya ce zai yi shawara da gida. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki, saboda 'yan damfara na kwafar sanarwar gaske su sa lambar asusunsu. A karɓi takardu ta hanya ɗaya tak, fam na Google ko adireshin imel guda, kuma hoto ko kwafi kawai. Ainihin satifiket ba a karɓarsa a ajiye, ko bayan an ɗauki mutum. Riƙe takardun ma'aikaci don kada ya gudu ɗabi'a ce da ke zubar da mutuncin ma'aikata, ga haɗarin gobara ko ɓata.

Sharaɗin shekaru, irin "kada ya wuce 26", kwaikwayon bankuna ne da bai dace da nan ba. Yaron da ya gama sakandare a Kangiwa ko Wasagu, ya yi shekara biyu yana neman gurbi, yajin aiki ya ci masa wata shekarar, ya jira kiran bautar ƙasa, zai kai 28 ko 29 ba da laifinsa ba. Abin da ya kamata a sa a sharaɗi, in aikin na hulɗa da manoma ne ko marasa lafiya, shi ne harshe: Zabarmanci ko Dandanci a wajen Kamba da Bagudo, Fulatanci ga mai sayen madara ko sayar da maganin dabbobi, Dakarci a ƙasar Zuru.

Gwaji kafin hira

Matakin digiri yana da amfaninsa. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar daga 2.40. Wannan yana nuna naci a kan karatu, amma ba ya nuna ko mutum zai iya daidaita littafin sito. Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka a ware awa ɗaya a ba kowa aikin da zai yi in an ɗauke shi.

Ga misali daga injin shinkafa. A ba mai nema takarda da na'urar lissafi, a ce: mota ta kawo shanshera kilo 10,000, na'urar auna danshi ta nuna kashi 20 cikin ɗari, mu kuma a kashi 14 muke adanawa. Kilo nawa zai rage bayan bushewa? Mafi yawa za su cire kashi 6 su ce 9,400. Wanda ya fahimci abin zai fara fitar da busasshen nauyi, kilo 8,000, ya raba da 0.86, ya samu kusan 9,302. Bambancin kusan kilo 98 ne a mota ɗaya, kimanin buhu guda, kuma a kakar saye mota nawa ke shiga? Wanda ya ce 9,400 ba a kore shi nan take ba. A nuna masa hanyar, a sauya alƙaluman a sake ba shi. Idan ya kama a karo na biyu, mai koyo ne, kuma shi ake nema. Idan ya tsaya gardama cewa haka aka koya musu, an gama.

Mai neman koyarwa a ba shi alli ya shiga aji na gaske minti ashirin, shugaban makaranta ya zauna a baya, bayan an fita a tambayi yara uku abin da suka gane. Mai neman akanta a ba shi rasit talatin a cakuɗe, biyu daga ciki maimai ne, a ga ko zai gano. Duk wanda ya rubuta cewa ya iya kwamfuta a zaunar da shi gabanta ya tara layi ɗaya a Excel ya kuma rubuta wasiƙa mai sakin layi biyu. Wannan ɗan gwajin yana zubar da mutane fiye da yadda ake zato, domin da yawa a waya suka yi duk karatunsu.

Hirar baki ta zo daga baya, ga mutum biyar ko shida da suka haye. Mutum uku su zauna, har da wanda zai zama shugabansa kai tsaye, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane mai tambaya ya rubuta makinsa kafin a tattauna, don kada ra'ayin maigida ya rinjayi sauran. Tambaya ɗaya da ke tona asiri ita ce ta firojet: me ka bincika, ina ka samo bayanan, me ya ba ka wahala? Wanda ya yi da kansa zai yi ta zuba har sai an tsayar da shi. Wanda ya saya a shagon buga takardu ko taken ba zai kawo daidai ba. A bar mutum ya amsa da Hausa in aikin ba na Turanci ba ne. Kuma kada a ɗauki sunkuyar da kai da ƙarancin magana a matsayin rashin sani, yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya haɗa ido da babba ba zai sauya ranar intabiyu ba. Mace in an kira ta, a sa lokacin da rana, a kuma faɗa mata tun farko ko aikin yana da kwanan dare ko tafiye-tafiye, domin ta yi shawara da gida kafin ta amsa.

Ɗan wane

Wayar za ta zo, ko takarda daga wani babba. Ƙin amsawa kai tsaye yana ɓata zumuncin shekaru, karɓa kuma yana cusa maka wanda ba ka iya kora. Mafitar ita ce a riga an kafa tsari kafin wayar ta zo, domin ka samu abin jingina. Amsar takan zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, ai yaron nan namu ne. Ya zo ranar Talata da ƙarfe tara ya zauna gwaji tare da sauran. Ba ni ke dubawa ba, kwamiti ne, amma in ya haye ni da kaina zan kira ka." Idan bai haye ba, ka kira Alhajin kafin yaron ya kai masa nasa labarin, ka faɗi inda ya gaza, ka kuma yi tayin ya zo ya koyi aiki wata uku ba a matsayin ma'aikaci ba. Dattawa da yawa abin da suke so shi ne a nuna an girmama maganarsu. Wani lokaci kuma ɗan wanen shi ne ya fi kowa a gwajin, to a ɗauke shi, sanayya ba laifi ba ce in an bi layi.

Tantance takardu

Dokar NYSC ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin neman takardar kammala bautar ƙasa daga mai digiri kafin ya ɗauke shi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu takardar yafewa yake da ita, wanda ya yi karatun da ba na cikakken lokaci ba kuma takardar cirewa. Mai ƙaramar difloma da mai NCE ba sa bautar ƙasa, kada a tambaye su. Sabon mai digiri sau da yawa takardar sakamako ce a hannunsa, domin ainihin satifiket yakan ɗauki lokaci kafin ya fito. A karɓa, amma a rubuta wa ofishin rajistara na makarantar a tabbatar. A duba suna da ranar haihuwa su yi daidai a takardar sakandare, da ta jami'a, da katin ɗan ƙasa.

Digirin ƙetare yana son ƙarin kulawa, musamman a jihar da ke iyaka da Benin da Nijar. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Mai irin wannan takarda a nemi shaidar tantancewa ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ayyukan da ke da lasisi kuwa digiri kaɗai bai isa ba: malami rajistar TRCN, wato majalisar rajistar malamai, ma'aikaciyar jinya lasisin majalisar jinya da ungozoma, haka mai harhaɗa magani da mai gwajin jini kowa da majalisarsa, kuma a duba ko lasisin bai ƙare ba. Wanda zai riƙe kuɗi ko sito a nemi mutum biyu su tsaya masa, a kuma je a gan su ido da ido. Fam ɗin da mai nema ya kai gida ya dawo da shi a cike, ba a san wanda ya sa hannun ba.

Albashi da takardar ɗauka

Nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa. Tun 2025 alawus ɗin ɗan bautar ƙasa naira 77,000 ne a wata. Idan kana ƙara masa 20,000, yana tashi da 97,000 ga ɗaki kyauta. Ranar da ka ce za ka riƙe shi a kan 60,000 ya kuma nemi ɗakin haya, ka rage masa kuɗi ne da sunan ɗaukar aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma dokar ta hau kan duk ma'aikatar da ke da mutum 25 ko fiye. Ƙaramar ma'aikata ko da dokar ba ta kama ta ba, kasuwa za ta kama ta.

A lissafa da abin da ke bayan albashi. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ma'aikata kashi 10, kuma wajibi ce ga mai ma'aikata 15 ko fiye. Akwai kashi 1 na asusun NSITF na diyyar rauni a wurin aiki, wanda mai injina bai kamata ya yi wasa da shi ba. Wato wanda ka yanka wa 100,000, a aljihunka kusan 111,000 ne. A gaya wa sabon ma'aikaci adadin da zai gani a asusunsa bayan cire-cire, domin rigimar ƙarshen watan farko daga nan take tasowa.

Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma gara a ba shi tun ranar farko. Takardar ta ƙunshi sunan aiki, albashi da ranar biya, awowin aiki, hutu, tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa in ɗaya zai rabu da ɗaya. Wata uku zuwa shida ya wadatar a matsayin gwaji, kuma wanda ya riga ya yi maka shekara yana bautar ƙasa babu dalilin sake gwada shi. Idan wa'adin ya cika a ba shi takardar tabbatarwa ko a sallame shi, barin mutum shekara biyu yana "gwaji" yana kashe zuciya.

Ka sa a ranka cewa wasu za su tafi duk abin da ka yi. Aikin gwamnati yana da farin jini a nan saboda fansho da kwanciyar hankali, kuma duk ranar da aka buɗe ɗaukar malamai ko jami'an tsaro, rabin matasanka za su cike fam. Wasu kuma ƙungiyoyin agaji za su ɗauke su da albashin da ba za ka iya biya ba. Abin da ke hannunka shi ne biyan albashi ranar da ka faɗa, da ƙarin da aka san lokacinsa, da barin mai son digiri na biyu ya je laccar ƙarshen mako a Sakkwato ko Aliero. Sannan kowane muhimmin aiki ya zama mutum biyu sun iya shi, kalmomin sirri na kwamfuta da lambobin abokan ciniki kuma su kasance a hannun ma'aikata, kada su zauna a wayar mutum ɗaya. Sunayen waɗanda suka zo na biyu da na uku a gwajin da ya wuce a adana su da lambobinsu, a kuma kira su a gaya musu sakamako ko da ba a ɗauke su ba, domin ranar da gurbi ya buɗe su za a fara nema.